Da Rarrafe Yaro Kan Tashi: Yadda Ake Fara Tuƙa Jirgi Mai Saukar Ungulu Na Rimot



An nemi mu yi tsokaci a kan wani abu da ya fara shigowa gidajenmu, wato ƙaramin jirgi mai saukar ungulu wanda ake tuƙawa daga ƙasa da rimot. Wasunmu sun saya wa 'ya'yansu, wasu kuma kansu suka yi wa hidimar. Sai dai sau tari kafin rana ta faɗi jirgin ya zama tarkace, kuɗi sun salwanta, sha'awar kuma ta mutu. Dalili guda ne: an ɗauke shi abin wasan yara, alhali inji ne da ke bin ƙa'idar da babban jirgi yake bi. Ko a Turai sai wajen 1970 wani Bajamushe, Dieter Schlüter, ya yi nasarar ƙera wanda ake iya sarrafawa sosai.

Wahalar tasa ga inda take. Idan babbar farfela ta juya dama, gangar jirgin takan nemi juyawa hagu, ƙaramar farfelar jela ce ke hana ta. Bayan haka, jirgin ba ya tsayawa wuri ɗaya don kansa, kamar dai mai ɗora sanda a tafin hannu, dole hannu ya yi ta gyara. Jiragen yau suna da na'urar da ke taimakawa wajen daidaita su, amma ba ta ɗauke wa matuƙi koyo ba.

Don haka matakin farko shi ne zaɓe. Iri uku ne a kasuwa. Akwai mai farfela biyu, ɗaya bisa ɗaya, masu juyawa saɓanin juna. Shi ne mafi sauƙi, amma iska kaɗan takan kwashe shi, sai a cikin ɗaki. Akwai mai farfela ɗaya wanda ke hawa da sauka ta ƙara gudun inji ko rage shi, mai tasha 4. Wannan shi muke ba ɗan koyo shawara. Na uku shi ne mai tasha 6, wanda fukafukansa ke sauya karkata har ya iya tashi a kife. Na gwanaye ne, wanda ya fara da shi ya sayi asara. Kafin a biya kuɗi, a tambayi mai kaya ko akwai fukafukai da giya na canji, domin jirgin da ba shi da kayan gyara faɗuwa ɗaya ce ƙarshensa.

Mataki na biyu, a koya a kwamfuta tukuna. Akwai manhajoji irin su RealFlight da Heli-X waɗanda ke kwaikwayon tashin jirgin. A can ko sau ɗari aka faɗi ba a yi asarar ko sisi ba. A tsarin da aka fi amfani da shi, sandar hagu ta rimot ita ce ta hawa da sauka da juya hanci, ta dama kuwa ta gaba da baya da karkata gefe.

Mataki na uku shi ne tsayar da jirgi cak a iska. A tsaya bayansa, jelarsa na fuskantar matuƙi, domin hagunsa ya zama hagunmu. A ɗaga shi kamar mita 1, saboda dab da ƙasa iskar da yake turawa tana dawo masa ta sa shi tangaɗi. Sai an iya ƙarar da batir guda yana tsaye a wuri ɗaya sannan a juya shi gefe, daga bisani ya fuskanci matuƙi, inda hagu da dama suke sauyawa a ido. Da zarar an ga zai faɗi, a kashe inji nan take. A zaɓi sanyin safiya, a guji iskar hunturu da ƙurarta mai cinye giya.

Sai batun batir, wanda ake kira LiPo. Kowane ɗan batir cikarsa bolt 4.2 ce, idan za a ajiye shi kwanaki, a bar shi a kan 3.8. Yawanci minti 5 zuwa 10 yake ɗauka a sama. Kada a bar shi a caji a tafi barci, kada a bar shi cikin mota a rana, wanda ya kumbura kuma a rabu da shi, domin yana iya kamawa da wuta.

Iyayenmu, a nan muke roƙon a saurare mu da kyau. Fukafukan babban jirgi wuƙa ce. A 2013 a birnin New York na Amurka, wani matashi mai shekara 19, gwani ne ma, ya rasa ransa da jirginsa ya same shi a ka. Don haka kada a tashe shi bisa kan jama'a, ko kusa da wayar lantarki, filin jirgi ko barikin soja. A kunna rimot kafin a jona batir, a cire batir kafin a kashe rimot. Haka kuma a 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Nijeriya ta hana tayar da jirage marasa matuƙi ba tare da izini ba, saboda haka a nemi sanin doka kafin a fita fili.

Da yawanmu da motar kara da ta gwangwani muka tashi. Yaron da aka zauna da shi ya kwance jirginsa, ya gano abin da ya karye, ya gyara da hannunsa, ya samu ilimin lantarki da na kanikanci, ya kuma koyi haƙuri. A fara masa da ƙarami, a tsaya kusa da shi.