Abin da Muka Gani a Tasalonika: Jawabin Tawagarmu a Bikin Zagayowar Shekarar Ƙungiya

Mai girma shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawan kasuwa, alhazai da hajiyoyi, ƴan uwa na Maraɗi, Damagaram da Ƙonni, da baƙinmu da suka ƙetaro iyaka daga Katsina, Jibiya da Illela, barkanmu da ganin wannan rana.

An ba mu lokaci mu yi bayanin tafiyar da mu shida muka yi zuwa ƙasar Girka a watan Satumba. Mun ji abin da ake faɗa a rumfuna, wai an kwashi kuɗin ƙungiya an tafi yawon buɗe ido. Ba mu ji haushi ba, domin guminku ne, kuna da haƙƙin tambaya. Takardun abin da aka kashe suna hannun ma'aji. Yawo kuwa mun yi, abinci ma mun ci, ba za mu ɓoye ba. Ku saurare mu, sannan ku yanke hukunci.

Garin da muka sauka sunansa Tasalonika, shi ne birni na biyu a Girka bayan Atina, yana arewacin ƙasar a bakin teku. Ta Istanbul muka bi. Abin da ya kai mu shi ne babbar baje kolin da ake yi a can duk watan Satumba, wadda aka fara tun 1926. Garin tsoho ne ƙwarai. An kafa shi wajen shekara 315 kafin haihuwar Annabi Isa, aka sa masa sunan ƴar uwar Iskandar Mai Girma. Turkawa sun ci shi a 1430, suka riƙe shi har 1912, kusan shekara ɗari biyar ke nan.

Ranar farko aka zagaya da mu bakin ruwa, muka hau hasumiyar da suke kira Farar Hasumiya. A zamanin Turkawa kurkuku ce, yau gidan tarihi ce. Daga samanta kana hango jiragen ruwa suna jiran shiga tasha. Muka je wani zagayayyen gini da ake kira Rotonda, wanda Rumawa suka gina wajen shekara ta 306. Ya zama coci, daga baya ya zama masallaci, kuma hasumiyar kiran sallarsa ita kaɗai ta rage a tsaye a duk garin. Musulmin birnin sun koma Turkiyya a musayar jama'a da ƙasashen biyu suka ƙulla a 1923, Girkawan da ke zaune a Turkiyya kuma suka dawo a matsayin ƴan gudun hijira. Saboda haka wanda zai je ya tafi da dardumarsa. Mu a masauki muka riƙa yin jam'inmu.

Inda hankalinmu ya fi kwanciya shi ne kasuwa. Akwai Bezesteni, kasuwar yadi mai ƙubba shida da Turkawa suka gina tun ƙarni na 15, har yau ana ciniki a cikinta. Akwai Kapani, inda masu kifi da zaitun da kayan yaji suke ɗaga murya suna kiran mai saye, har ɗayanmu ya ce sai ka ce babbar kasuwar Maraɗi ranar Juma'a. Akwai unguwar Ladadika kusa da tashar jiragen ruwa, da can rumbunan dillalan man zaitun ne, yanzu gidajen abinci sun cika ta. An gaya mana yadda gobarar watan Agusta na 1917 ta cinye tsakiyar garin, ta bar mutum wajen 70,000 ba matsuguni. Mu da muka san gobarar kasuwa, jikinmu ya yi sanyi. An kuma nuna mana inda Yahudawan da aka koro daga Sifen a 1492 suka zauna. Su ne suka riƙe cinikin garin ɗaruruwan shekaru, har tashar jiragen ruwa takan tsaya ranar Asabar. A 1943 ƴan Nazi na Jamus suka kwashe fiye da 40,000 daga cikinsu zuwa sansanonin kisa, kaɗan ne suka dawo.

Batun abinci, ga gargaɗi. Gasasshen naman da ake sayarwa a titi, wanda suke kira giros da suflaki, galibinsa alade ne. Kalmar da za ku riƙe ita ce "hirino", ma'anarta naman alade. In kun ji ta, ku wuce. Mu kifi muka riƙe, da burodi, da cukunsu mai suna feta, da tumatir da man zaitun. Da safe akwai bugatsa, wata waina mai ɓawo siriri da madara a ciki. Ba sa cin abincin dare sai ƙarfe tara ta wuce, kuma ranar Lahadi yawancin kantuna a rufe suke. Kuɗinsu yuro ne, kowane ɗaya sefa 656 in an cika lissafi. Wanda ya shiga Tarayyar Turai da tsabar kuɗi yuro 10,000 ko fiye, wajibi ne ya bayyana wa duwan.

Yanzu ga abu na farko da muka kawo muku. A kowace kusurwa akwai mai tallan wani burodi mai kamar awarwaro, kuluri sunansa, an lulluɓe shi da riɗi. Suna niƙa riɗi ya zama tahini, suna yin alewar halwa da shi. Babban kamfanin Haitoglou, wanda ƴan gudun hijira daga Turkiyya suka kafa a 1924, a gefen garin yake. Girka ba ta noma abin da zai ishe ta, daga waje take sayowa, har da Najeriya da Sudan. Wato riɗin da muke tarawa a ƙauyuka muna sayar wa dillalai a Kano da Maigatari, irinsa ne muka tarar a kan burodinsu.

Mun tafi da samfurin namu, muka nuna wa wani mai saye a wurin baje kolin. Ya yaba hasken ƙwayar. Sai ya zuba ta a kan farar takarda, ya baza da yatsa, ya ware tsakuwa da ƙaiƙayi a gefe muna kallo. Kunya ta kama mu. Ya ce tsakuwa ƙaramar matsala ce, inji yana fitar da ita. Babbar ita ce ƙwayar cutar salmonela. Tarayyar Turai ta sa riɗin Najeriya da na Sudan cikin kayan da ake tsananta wa bincike a iyaka saboda ita, kuma kwantenar da aka samu da cutar ba ta shiga kasuwa. Hanyar da cutar ke shiga kuwa mun san ta: shanya a ƙasa, kaji da awaki suna bi ta kai, ɓeraye a sito, tsohon buhu. Gyaran wannan a hannunmu yake, ba sai mun jira gwamnati ba.

Abu na biyu ya fi taɓa mu. Tafiyar kamar awa ɗaya da mota daga Tasalonika akwai iyakar Masedoniya ta Arewa, ƙasar da ba ta da teku, kamar Nijar. Tashar Tasalonika ce Kwatanonsu. A watan Fabrairu na 1994 Girka ta rufe musu tashar saboda rigima a kan sunan ƙasar da tutarta, ta bar abinci da magani kawai. A arewa kuma Sabiya tana ƙarƙashin takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya. Dole suka karkata kayansu ta Bulgeriya da Albaniya, hanya mai nisa da tsada. Sai a Oktoba na 1995 aka buɗe, bayan sun sauya tuta. Rigimar suna ba ta ƙare ba sai da yarjejeniyar Prespa ta 2018.

Da muka ji wannan, muka kalli juna. Mun tuna rufe iyakar Najeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Mun tuna 2023, da manyan motoci suka yi layi a Malanbil, albasa ta ruɓe, wasu cikinmu suka karye har yau ba su miƙe ba. Siyasa ba aikin ƙungiyarmu ba ce. Amma ɗan kasuwar da duk kayansa ta ƙofa ɗaya suke shigowa, ranar da aka rufe ta ya zauna.

Don haka muna gabatar da shawara biyu. Ta farko, masu harkar riɗi su haɗa kuɗi a sayi injin tacewa da tamfol na shanya da sababbin buhuna, a riƙa kai samfuri ɗakin gwaji kafin a yi lodi. Mu fara da kwantena ɗaya a kakar bana, mu ga abin da za ta haifar. Ta biyu, ƙungiya ta naɗa wakilai a Lome da Kwatano da Legas, kowanne da amintaccen mai fiton kaya, tun iyakoki suna lafiya, don kada a sake neman hanya bayan an riga an rufe.

Idan taro ya ga waɗannan ba su kai kuɗin da aka kashe ba, ya faɗa a fili, a dakatar da irin wannan tafiya, ba za mu ƙi ba. Idan ya ga sun kai, muna roƙon tawaga ta gaba ta haɗa da hajiyoyinmu masu harkar yadi da turare, da matasan da ke jin Turanci, domin mun sha wuya wajen tafinta.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka kafa wannan ƙungiya, Ya tsare direbobinmu a hanya, Ya sa albarka a kasuwa, Ya bar zumunci tsakanin ƙasashenmu.