Daga Numan Zuwa Dungas: Yadda Ake Ɗaure Tsintsiyar Gunduma

Mu a nan in aka ce gunduma, Magarya ce ke faɗo mana a rai, ko Dungas da aka cire daga jikinta a 2011. To, akwai wasu mutane a ƙasar Adamawa ta Nijeriya da su ma suke da tasu gundumar, ta ikilisiya, kuma da Hausa suke tafiyar da ita. Kan tsarinsu zan yi magana yau, domin duk mai haɗa kan jama'a, ko a masallaci ne ko a ƙungiyar manoma, zai tsinci abin ɗauka a ciki.

Sunan ɗarikarsu, wato Luteran, ya samo asali daga Martin Luther, malamin da ya ja da shugabannin cocin Roma a Jamus a 1517, ya kuma mayar da Littafi Mai Tsarki cikin harshen mutanensa. Bayan kusan shekara 400, a 1913, wani likita ɗan ƙasar Danmak, Niels Bronnum, ya sauka Numan a bakin kogin Binuwai, cikin Bachama. Matarsa ta rasu a kan hanya tun kafin su isa. Sai da aka shekara 35 kafin a naɗa fastoci 'yan ƙasa, su biyar, a 1948. A 1973 Akila Todi ya zama bishop na farko ɗan ƙasa. A 2017 kuwa, a Windhoek ta Namibiya, aka zaɓi Akbishop Musa Panti Filibus shugaban tarayyar Luteran ta duniya, ya riƙe har 2023.

Me ya kai su nan? Ni dai na ce tsari ne, kuma daga ƙasa aka gina shi. Tushe shi ne ikilisiyar ƙauye. Sau da yawa babu fasto a cikinta, sai mai bishara, mutumin da ke noma gonarsa kamar kowa, ya karantar da yara, ya ja sujada ran Lahadi. Tare da shi akwai dattawa, da ma'aji, da magatakarda. Ikilisiyoyi da dama su ne ke haɗuwa su zama gunduma ƙarƙashin fasto, wanda ke zagayawa don baftisma, da jibin Ubangiji, da ɗaurin aure. Gundumomi su haɗu su zama yanki, yankuna su zama dayosis mai bishop, irin su Todi, da Bonotem, da Gongola, da Arewa, da Abuja. Can bisa kuma akwai babbar majalisa, hedikwata na Numan, makarantar horar da fastoci tana Mbamba kusa da Yola.

Ku dubi ranar godiyar kaka a ikilisiyar ƙauye. Wannan ta shigo da kwaryar gyaɗa, wancan da damin dawa, wani ya jawo akuya. 'Yan Zumuntar Mata, sanye da zane iri ɗaya, suna kaɗa tulu da caki. In an tashi, ba mutum ɗaya ke ƙirga baiko ba: ana zama a lissafa, a rubuta, a sanar wa jama'a. Kaso ya tsaya a gida, kaso ya hau gunduma, daga nan ya wuce gaba. Wanda ya san inda mudunsa ya tafi, baɗi ma zai kawo.

Abu na biyu shi ne harshe. Bachama, da Lunguda, da Chamba, da Kilba, kowa da yaren gidansu, amma in an zauna majalisa ko an taru babban taron shekara a Demsa, Hausa ce ke haɗa su. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausa. Harshen da muke ciniki da shi ran Alhamis a kasuwar Maigatari, shi ne ke riƙe da taronsu.

A ƙasarmu, Kiristocin Damagaram da Maraɗi akasarinsu ta wata hanya suka biyo. Mishan ta SIM ta sauka Zinder a 1924, ta buɗe tashoshi a Tsibiri da Dungas, da asibitin Galmi a 1950, daga aikinta kuma ikilisiyar EERN ta fito. Ɗarika daban ce, amma su ma dattawa da masu bishara da Zumuntar Mata ne ƙashin bayansu. Waɗannan maƙwabtanmu ne, rijiya ɗaya muke sha. Abin da ya faru a Zinder da Yamai a Janairun 2015, lokacin da aka ƙona majami'u, ya isa ya nuna mana tsadar rashin sanin juna.

Don haka, shugabannin ƙungiyoyi da ke zauren nan, ina roƙonku abu uku: ku girmama ƙaramin ma'aikacin da ke ƙauye, ku karanta lissafin kuɗi a bainar jama'a, ku yi taro da harshen da tsohuwa za ta gane.