Maganin haki: a karanta kwalba kafin a buɗe ta

Zancenmu na yau na manoma ne, musamman ku mutanen Korgom da kewaye, daga ƙasar Tasawa har Mayahi. Damina in ta kankama, noman farko ya zo, hannu ya yi kaɗan, sai mutum ya nufi kasuwa ya sayo kwalbar maganin haki. Fesawa ɗaya, ƙarangiya da harkiya su bushe. To, bayan hakin ya mutu, ina maganin ya tafi?

Ku ji abin da ya samu Amurka. Can sun daɗe suna amfani da magunguna masu sinadarin arsenik. Akwai wanda ake kira MSMA, ana fesa shi a gonakin auduga da filayen wasa masu ciyawa. Shi arsenik ba ya ruɓewa kamar taki, rana ba ta cinye shi. Ko dai ya zauna cikin ƙasa, ko ruwan sama ya gangara da shi. A jihar Fulorida, mai rairayi kamar jigawarmu, an same shi cikin ruwan ƙarƙashin filayen wasa. A 2009 hukumar kare muhalli ta ƙasar ta yanke a daina fesa shi a ciyawar gidajen mutane, ta ƙuntata sauran amfaninsa, ta bar shi ga auduga. Wani ɗan'uwansa na kashe ƙwari an hana shi tun 1988, amma har yanzu ana samun sauransa a tsofaffin lambunan tufa.

Wanda ya yi shekaru yana shan ruwa mai arsenik, baƙaƙen tabo da kanta kan fito masa a tafin hannu da ƙafa, daga baya ciwon daji ya biyo. Ruwan kuwa ba ya canza launi, ba ya wari.

Mu nan, abin da ya fi yawa a kasuwanninmu wasu iri ne, da yawansu daga kan iyaka suke shigowa. Ƙasashen Sahel suna da kwamitin da ke tantance magungunan gona, mazauninsa Bamako, ya fara aiki a 1994. An hana paraquat a 2011, atrazine kuma a 2015. Paraquat ba shi da makari: kurɓi ɗaya na iya kashe babban mutum. Amma mai tebur ba zai gaya maka wannan ba, shi cinikinsa yake yi.

Nan ne karatun yaƙi da jahilci zai yi maka rana. Juya kwalbar, ka nemi doguwar lamba wadda ke ƙarewa da kalmar SAHEL. In babu, ajiye masa kayansa, ko da ya rage maka kuɗi. Dubi kuma zanen launi na ƙasan takardar: ja shi ne mafi haɗari. Wanda ya ɗura maka a kwalbar lemo ba takarda, kada ma ka karɓa.

Sai batun kwalba in ta ƙare. Mun sha ganin yara suna kai ruwa gona da ita, mata suna zuba mai. Ɗauraye ta sau 3, ka juye ɗaurayen cikin famfon feshi, ka huda gindinta. Kada a wanke famfo bakin rijiya ko tabki, kuma a gaya wa makiyaya gonar da aka fesa.

Malaman aji, gobe ku rubuta SAHEL a allo da manyan baƙaƙe, kowane ɗalibi ya kwafa a takarda ya sa aljihu kafin ranar kasuwa.