Jawabi Ga Mata 'Yan Uwa: Yaran Da Muke Ɓoyewa A Ɗaka

Iyayena mata, yayyena da ƙannena na Babban Mutum da kewaye. Wannan shi ne jawabin da na yi a zamanmu na mata, aka ce in rubuta in turo saboda waɗanda uzuri ya hana su zuwa. Wadda ta iya karatu don Allah ta karanta wa maƙwabciyarta.

Yau ba maganar katin zaɓe na kawo muku ba. Maganar wasu yara ce da kowaccenmu ta san aƙalla ɗaya daga cikinsu. Yaron da ya kai shekara goma sha biyu bai iya ƙirga canjin naira ɗari ba. Yarinyar da aka kai firamare ta yi shekara uku a aji ɗaya, malam ya gaji ya ce a maida ta gida. Mun sa musu sunaye iri-iri: dolo, gaula, daƙiƙi, ɗan ruwa. In baƙi suka zo, sai a ce maza a shiga da shi ɗaka. Kada wadda ta ce min ba a yi, a gidanmu ma an yi.

Ɗan ƙanwata ne. Haihuwarsa ta zo da doguwar naƙuda, kwana biyu ana fama a gida kafin a tafi asibiti, da ya fito kuma bai yi kuka da wuri ba. Ya girma maganarsa ba ta fita sosai, allo bai zauna masa ba, boko ma haka. Kuɗin da aka kashe wajen masu hayaƙi da rubutu Allah kaɗai Ya sani. Ran nan na manta wayata a kan tabarma na shiga madafa. Da dare ina dubawa sai na tarar da hotuna sun fi talatin: akuyarmu tana shayarwa, inuwar darbejiya a jikin katanga, hannun kakarsa tana tankaɗe. Wallahi ni mai wayar ban taɓa ɗaukar hoto mai kyan waɗannan ba. Na zauna na yi ta kuka, don shekara goma sha huɗu muna lissafin abin da bai iya ba, ba wanda ya taɓa tambayar me ya iya.

Ku bari in rarrabe muku abu uku, domin mukan haɗa su a kwando ɗaya. Jinkirin fahimta ba hauka ba ne, ba kuma shafar aljanu ba ne. Likitoci sun san abubuwan da kan jawo shi: doguwar naƙuda da ke hana iska isa ƙwaƙwalwar jariri, shawara mai tsanani a kwanakin farko, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ƙarancin sinadarin aidin a jikin uwa lokacin goyon ciki. Wani kuma da abinsa aka halicce shi, irin yaran nan masu zagayayyar fuska da ƙananan idanu, yawancinsu ga fara'a. Na biyu, akwai yaro mai kaifin basira sarai, baƙaƙe ne kawai ke rikice masa a ido, bulala kuma ba ta gyara wannan. Na uku, akwai wanda kunne ne ko ido ke damunsa, ba ya jin malam ko ba ya ganin allo, aka yanke masa hukuncin daƙiƙanci. Shi ya sa kafin komai a kai yaro asibiti a duba ji da ganinsa.

Abin da ke ci min rai shi ne, a ƙasar Hausa makafi suna da sarkinsu, guragu suna da nasu, kutare ma haka. In an zo rabon kekuna ko buhunan hatsi akwai wanda zai miƙe ya yi magana da yawunsu. Akwai makarantar kurame a Malumfashi, akwai ta makafi a Katsina, akwai ta Tudun Maliki a Kano. To waɗannan namu fa? Ba sarki, ba ƙungiya, ba su iya zuwa ofis su kai kuka. Uwa ce kaɗai bakinsu, ita kuma kunya ta rufe mata baki.

Alhali doka tana bayansu. A watan Janairun 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan masarautarmu ta Daura, ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci. Dokar ta ce ilimi kyauta ne gare su har sakandare, ta ce kuma makarantun gwamnati su karɓe su, a samar da malamin da aka horar domin su. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da lamarinsu. Kenan in muka nemi wani abu, ba bara muke yi ba.

Me ya sa nake ta nanata zane da sana'ar hannu da waya? Saboda makaranta ƙofa ɗaya take buɗe wa yaro, ta karatu da rubutu, wanda ya kasa shiga ta nan shi ke nan an rufe. Amma hannu yana koyon abin da baki bai iya faɗa ba. Yarinyar da ba ta iya rubuta sunanta tana iya zana lalle, tana iya saƙa faifai, tana iya jera duwatsun ado a mayafi, domin aiki ne na maimaici, su kuwa da yawansu in suka kama abu ba sa gajiya da shi. Waya ma haka. Mu nan nawa ne ba mu iya rubutu ba amma kullum muna tura saƙon murya? Yaro zai iya ɗaukar hoton kayan da uwarsa ke sayarwa, ya naɗi muryar kakarsa tana tatsuniya, ya yi zane da yatsa a fuskar waya, in ya ɓata ya goge ba wanda ya daka masa tsawa.

Wataƙila wasunku sun gani a labarai. Ranar 2 ga Afrilun 2025, a dandalin Eagle Square da ke Abuja, aka baje zanen wani yaro ɗan shekara 15 mai lalurar galahanga, Kanyeyachukwu Tagbo-Okeke. Faɗin zanen ya kai murabba'in mita 12,304, ya fi filin ƙwallo, ya kuma shiga kundin bajinta na Guinness a matsayin mafi girma a duniya da mutum ɗaya ya zana a kan ƙyalle. Ban ce kowane yaro zai zama shi ba, kada mu yaudari kanmu. Wani iyakarsa ya iya wanka da kansa, ya saƙa mafici ya sayar ya riƙe kuɗinsa. Amma ku tambayi uwar da ke kwana tana tunanin wa zai riƙe mata shi in ta mutu, ku ji ko wannan ƙaramin abu ne.

Ga shawarar da na kawo. Mu nemi aron aji ɗaya ranar Asabar da hantsi, awa biyu kacal. Mu fara da yara goma, kada mu yi haɗama. Kaba da yumɓu da lalle da zare duk muna da su, masu koyarwa kuma ga su nan cikinmu. Wayoyi biyu ko uku na aro sun isa a fara. Koyarwar tana da ƙa'ida: umarni ɗaya a lokaci ɗaya, a nuna da hannu kafin a faɗa da baki, a huta bayan kamar minti ashirin, a yaba ko da kaɗan aka yi. Ba duka, ba zagi. Wadda ta san zuciyarta na kusa, ta taimaka da kunu ko kuɗin kaba, Allah Ya ba ta lada.

Sai ku saurara da kyau a nan. Ba za a taɓa barin yaro ko yarinya da babba ɗaya ba, dole mata biyu a aji kowane lokaci, kuma uwa ko yaya ce za ta kawo ta zo ta ɗauka. Kun san abin da miyagu ke yi wa irin 'yan matan nan saboda sun san ba za su iya ba da labari ba. Sannan ba a ɗora hoton yaro a Facebook ko TikTok sai da yardar iyayensa. Aikinsa za mu nuna, ba lalurarsa ba. Mun ga yadda ake ɗaukar irinsu bidiyo ana dariya, ba da mu ba.

Ku kuma shugabannin mata na rumfuna, in kansila ko ɗan majalisa ko mai neman kujera ya zo, atamfa da sabulu mun gode, amma a ƙara da wannan: sola ɗaya ta cajin waya, 'yan ƙananan kwamfutocin hannu, da malami ɗaya da ya karanci ilimin masu buƙata ta musamman, irin waɗanda Jami'ar Bayero ke yayewa. A rubuta a takarda a miƙa masa a gaban jama'a, a kuma kai kwafi sashen ilimi na ƙaramar hukumar Baure. Ajin kuwa na kowa ne. Ba za a tambayi uwa jam'iyyarta ba kafin a karɓi ɗanta.

Daga yau zuwa Juma'a, kowace shugabar unguwa ta zagaya a hankali, cikin sirri da mutunci, ta gano gida nawa ke da irin yaran nan. Kada a turo sunan kowa a wannan zaure. A kira ni ko a turo min saƙon murya ni kaɗai, a faɗi shekarun yaro da abin da aka lura yana so. In uwa ta ƙi, kada a matsa mata, a ce ta zo ranar farko ta leƙa kawai. Ni zan zo da ɗan ƙanwata, shi zai ɗauki hoton kayan da aka saƙa.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.