Jawabi ga Jama'ar Bakin Iyaka: A Taimaki Mai Son Barin Sigari

Mun gode da kuka baro kasuwa da gona kuka zo.

Yau maganar taba za mu yi. Kowa a nan ya san wani ɗan kabu-kabu ko yaron mota da ya rantse ya bar sigari, kwana 3 ya koma. Kada ku ce masa rago. A cikin taba akwai sinadarin nikotin, wanda ke kaiwa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 bayan an zuƙa. In jiki ya saba, ranar da aka hana shi sai fushi, ciwon kai da rashin barci. Wahalar ta fi tsanani a makon farko, sannan ta riƙa sauka. Nan ne mutum yake bukatar mai riƙe masa hannu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum sama da miliyan 7 kowace shekara, har da waɗanda hayaƙin wani kawai suke shaƙa, kamar mata da yara a ɗaki. Ga kuma aljihu: mai kashe dala 20 kullum, a shekara ya ƙone jika 36 da rabi.

Tun 2006 Nijar ke da dokar da ta hana tallar taba da shan ta a wuraren taruwar jama'a. Ku leƙa tasha, ku leƙa fada, ku gaya mana ko tana aiki. Masu mulki suna karɓar harajin taba, amma wanda ya ce yana so ya bari, ƙofar wa zai buga?

In kuka ba mu ƙuri'arku, za mu kai buƙatu uku majalisa: a ware wani kaso na harajin taba domin masu son bari, a horar da ma'aikaci a kowace likita, ya ba da shawara da magani mai rage ƙishin nikotin, a hukunta mai sayar wa yara kara ɗaya-ɗaya a bakin lakwal.

Kai kuma ɗan'uwa mai sha, kada ka jira zaɓe. Sa rana, gaya wa iyalinka, fitar da kwali da ashana daga ɗaki. In ƙishin ya taso, sha ruwa, tashi ka taka, mintoci kaɗan zai lafa. In ka koma, sake farawa, da yawa sai da suka gwada sau da dama.

Ranar zaɓe a fito da kati da wuri. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.