LISSAFIN ASUSUNMU DA KWAMFUTA
Jawabin da aka yi gaban taron shekara na ƙungiyar ƴan gari



Iyayenmu dattawa, maigari da liman, shugaban ƙungiya da ƴan biro, ƴan uwa da kuka zo daga Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, da ku da kuka taso tun daga Kano, Legas, Kwatano da Abijan, muna yi muku barka da zuwa.

An ɗora mana mu yi magana a kan kwamfuta, wadda ƴan lakwal ke kira ordinatar. Wani zai ce: ina haɗin taron gari da wannan inji? Haɗinsu asusu ne. Kowane wata ƴan ci rani suna aiko da kuɗi, wani ta Nita, wani ta Amana, wani ta hannun direba, don gyaran rijiya, da rufin aji, da taimakon gidan da aka yi rasuwa. Kuɗin nan gumin mutane ne. Ran da mutum ya ce jika biyar ya aiko, kaye kuwa ya nuna jika uku, ran nan zumunci ya fara tsagewa, ko da ba wanda ya ci ko dala. Kaye yana jiƙewa, gara tana cin sa, ido yana tsallake layi. Zargi kuwa ya fi talauci saurin kashe ƙungiya.

Yau da yawa daga cikin ƴan uwanmu na birni suna da kwamfuta a gida, galibi ta hannu, yara na kallon fim da ita. Abin da muke so mu nuna shi ne, duk wanda ya yi karatu har aji shida yana iya koyon riƙe littafin asusu da ita a ɗakinsa, in dai ya san yadda ake neman taimako a intanet.

Na ɗaya: kayan aiki

Aiki biyu ne ke gabanmu, rubutun takarda da lissafi. Kamfanin Microsoft na Amurka ya fito da Word a 1983 don rubutu, da Excel a 1985 don lissafi. Waɗannan na sayarwa ne. Akwai kuma LibreOffice, wanda ya fito a 2011, kyauta ne kuma halal ne kowa ya sauke shi. A cikinsa Writer ke rubutu, Calc ke lissafi. In an sa shi a kwamfuta sau ɗaya, yana aiki ko babu rezo. Saboda haka kada rashin kuɗi ya kai mutum ga sayen kwafin sata a bakin kasuwa, don sau da yawa da cuta yake zuwa.

Na biyu: yadda littafin yake

In an buɗe Excel ko Calc, sai a ga fili mai gida-gida kamar ramukan dara. Layukan tsaye suna da haruffa, A, B, C. Layukan kwance suna da lamba, 1, 2, 3. Kowane gida yana da sunansa, kamar C2.

A ce mu mutum 40 ne, kowa yana zuba jika ɗaya a wata, watau sefa 1.000. A layi na 1 sai a rubuta kan magana: suna, gari, kuɗi. Daga layi na 2 zuwa na 41, suna a A, garin da mutum yake a B, abin da ya zuba a C. A gida na C42 sai a rubuta =SOMME(C2:C41). Nan take inji zai ba da jimla. In kowa ya biya, 40.000 za a gani. In an ga 37.000, to akwai jika uku da ba su shigo ba, kuma ido zai ga gidajen da suke wofi. In an gyara lamba guda, jimla tana gyara kanta.

In ƴan Kano suna son sanin abin da su kaɗai suka zuba, sai a rubuta =SOMME.SI(B2:B41;"Kano";C2:C41). Wannan kaɗai ya isa ya kashe gardama mai yawa.

Na uku: yadda ake tambaya

Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya san abin da yake tambaya. Ƙofa uku ce. Ta farko maɓallin F1, wanda ke buɗe shafin taimako na shirin da kake ciki. Ta biyu YouTube, wanda aka kafa a 2005, inda masu koyarwa ke nuna aiki a majigi, da Faransanci, da Ingilishi, har da Hausa. Ta uku injunan amsa tambaya irin su ChatGPT, da ya fito a 2022. Waɗannan suna amsawa da sauri, amma suna iya faɗin kuskure da ƙarfin hali kamar gaskiya ce. Don haka duk abin da suka ce, a gwada shi tukuna a kan kwafi, a auna da lissafin hannu.

Mai koyo ya riƙe ƙa'ida uku. Ya tambayi abu guda a lokaci guda: maimakon ya rubuta yana son ya iya Excel, ya rubuta yadda ake haɗa jimlar layi guda. Ya faɗi sunan shirin da yake aiki da shi, da harshensa. In inji ya nuna wani saƙo, ya kwafe shi harafi da harafi ya nema. Misali, in gida ya cika da alamar #####, ba abin da ya lalace, gidan ne ya yi wa lambar kaɗan, sai a faɗaɗa shi.

Ga wani tarko da ya shafe mu musamman. Darussan Hausa da yawa daga Nijeriya suke, injunansu kuwa na Ingilishi ne, namu galibi na Faransanci. Inda malamin Kano ya rubuta SUM, mu SOMME za mu rubuta. Inda ya sa waƙafi tsakanin sassan umarni, mu waƙafi mai ɗigo za mu sa. In ka kwaikwaye shi ido rufe, Excel zai amsa maka da #NOM?, watau bai san sunan ba. A Word kuma, shi Ctrl da B yake dannawa don kaurara rubutu, mu Ctrl da G. Allon haruffansa da QWERTY ya fara, namu da AZERTY. Amma ku kwantar da hankali: in ka aika masa littafin da ka yi, injinsa zai juya SOMME ya koma SUM da kansa, lissafi ba ya canzawa.

Na huɗu: haruffanmu

Takardar ƙungiya da Hausa ya kamata a rubuta ta, kuma da haruffanta masu lanƙwasa, don ƙasa daban, kasa daban. Allon Faransanci ba shi da su, amma suna cikin inji. A Word a shiga Insertion, sannan Symbole, a sa lambar harafi: 0253 don ɓ, 0257 don ɗ, 0199 don ƙ, 01B4 don ƴ. In an fito da su sau ɗaya, a aje su a saman shafi, a riƙa kwafa da Ctrl da C, ana liƙawa da Ctrl da V.

Na biyar: tsaro

Wuta tana ɗaukewa ba sallama, don haka a saba da danna Ctrl da S bayan kowane ɗan aiki. In hannu ya goge abu, Ctrl da Z na maido shi. Kowane ƙarshen wata a kwafi littafin a kile USB, a aje a wani gida daban. Mai tsohuwar kwamfuta ya sani Microsoft ya daina aiko wa Windows 7 gyaran tsaro tun 2020, wa'adin Windows 10 kuma ya cika ran 14 ga Oktoba 2025, saboda haka ya yi hattara da abin da yake saukewa. Kuma duk wanda ya ce zai taimake ka a intanet, sannan ya nemi kalmar sirrinka ko lambar da aka aiko maka a salula, ɓarawo ne. Kada a sa sunayen ƴan ƙungiya da lambobinsu cikin tambaya, a yi misali da sunayen ƙarya.

Abin da muke roƙon taro

Iyayenmu, inji ba ya da amana, ba ya da ha'inci. Abin da aka ba shi, shi yake haɗawa. In an rubuta ƙarya, jimlar ƙarya zai fitar. Saboda haka kaye yana nan, shaidu suna nan, sa hannun ma'aji yana nan.

Muna roƙon taro ya yarda da abu uku. A zaɓi mutum biyu, namiji da mace, su koyi wannan aiki tare kafin damana, don kada sani ya tsaya a hannun mutum guda. Kowane wata a maida littafin PDF, a aika wa ƴan ci rani ta WhatsApp, kowa ya ga sunansa da abin da ya zuba. A kuma buga shi a takarda, a karanta da babbar murya gaban dattawa bayan sallar Juma'a, don wanda bai yi boko ba ya ji da kunnensa, ya yi tambaya in yana da ita.

Rabin awa kowane dare ya ishi mai koyo, sannu ba ta hana zuwa. Mu malaman lakwal muna nan, wanda ya maƙale ya zo mu duba tare.

Allah ya ƙara haɗa kanmu, ya ba mu damana mai albarka, ya maida kowa gidansa lafiya.