Jawabi ga matasanmu: Audu Ogbeh, daga majalisar Binuwai zuwa ma'aikatar noma

 

Yau zan ɗauko muku tarihin marigayi Cif Audu Ogbeh, saboda na ga yadda wasunmu suke raina kujerar majalisar jiha, kowa idonsa na kan Abuja.

Mutumin nan ɗan ƙabilar Idoma ne, an haife shi a 1947, ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ya ƙara a Faransa, ya koyar. A 1979 ya ajiye alli ya tsaya takarar majalisar dokokin Binuwai a NPN, ya ci, aka ba shi mataimakin kakaki. Shekararsa 32 fa! Sa'an da yawa daga cikinmu. A 1982 Shagari ya ɗauko shi ya naɗa shi ministan sadarwa, daga baya ministan ƙarafa.

Sojoji suka yi juyin mulki a ƙarshen 1983. Me ya yi? Gona ya koma, ya shuka kashu, ya kafa injin casar shinkafa, ya yi kiwon kaji. Mu kuwa yau ɗan siyasa in ya faɗi zaɓe, sai zaman otal a Abuja ana jiran muƙami.

Amma inda ya fi burge ni shi ne Disambar 2004. Yana shugaban PDP na ƙasa, jam'iyya mai mulki, rikicin Anambra ya kai ana ƙona gine-ginen gwamnati. Ya rubuta wa Shugaba Obasanjo wasiƙa, ya ce masa a tashi tsaye kafin abin ya cinye kowa. Ya san da wanda yake magana. A Janairun 2005 kujerar ta tafi. Ku dubi shugabannin jam'iyya na yanzu, daga mazaɓa har sama, ku gaya mini mutum nawa ne za su iya sa hannu a irin wannan takarda.

Buhari ya ba shi ministan noma daga 2015 zuwa 2019. A lokacin ne aka ƙaddamar da bashin manoman shinkafa na Babban Banki a Kebbi, kuma noman ya bunƙasa. Ba zan wanke shi tas ba. Doyar da aka fitar zuwa Ingila da Amurka a 2017 ta jawo masa surutu, shirinsa na keɓe wa makiyaya filaye kuma jihohi da dama suka ƙi shi, har da jiharsa. Ya rasu a Agustan 2025.

To, 'yan takarar majalisa za su fara zagayo mu. Duk wanda ya shigo mazaɓarku, kafin ku karɓi kuɗin mai, ku tambaye shi sana'ar da zai koma in ya faɗi, da ranar da ya taɓa ce wa babba a'a. Shugabannin matasa na mazaɓu su rubuto mini amsoshin, mu karanta su a zama na gaba.